Saƙo uku da babanku ya bari

Bazara ce, kuma bazarar shekarar ta zo da wuri. Tun ba a gama cire albasa ba iska ta fara ƙona fuska, ruwan rijiyoyin garka ya ja baya har sai da aka ƙara wa injin ban ruwa tiyo. Ga wanda ya kalle ta daga waje, shekara ce mai albarka. Albasa ta yi, manyan motoci na tsaye bakin kwalta daga Dogarawa har Tsarnawa ana loda buhuna, kowa ka gamu da shi sai ya ce bana an dace. Ni abin da na fi tunawa shi ne shirun tsakar gidanmu da rana, da yadda na koyi tafiya ba takalmi don kada in tada mai barci. Na san kun ji labarin shekarar nan a bakuna da yawa, na kuma san har yau akwai mai cewa ni na hana ƴar'uwarku Ramatu yin ban kwana da mahaifinta. Ba zan ce ba ni da laifi ba. Ina so dai ku ji yadda abin ya bi daga bakin wadda wayar ke hannunta.

Lokacin Ramatu na cikin shekararta ta biyu a Amirka. Ta gama karatun ruwa da noma a Yamai, aka zaɓe ta ta je ƙaro ilimi a wata jiha ta yammacin ƙasar, Kolorado. Ƙananan cikinku ba za su tuna ba, amma babanku ne ya tsaya mata a kan tafiyar nan, ranar da dangi suka cika zaure suna cewa mace ba ta yin nisa haka. Sunan mahaifiyarsa gare ta, don haka bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai ya ce Uwata. Da ya gama sauraron kowa sai ya ce:

"Uwata ta ce za ta tahi ta gano yadda wasu ke raba ruwa. Wa ya taɓa hana uwarshi tahiya?"

Aka yi dariya, maganar ta mutu a nan.

Kowace Juma'a bayan la'asar take kira. A lokacin su can hantsi ne, rana na biyo bayan tamu da nisa. Ni ke riƙe wayar, don babanku karatun allo ya yi, bai san baƙin boko ba, ni kuwa na yi yaƙi da jahilci a rumfar mata ina goye da autanku. Sai ya zauna a kan buzunsa, ya sa in kawo littafin rubutu, duk abin da ta faɗa game da ƙasar in rubuta, don ya samu na kai wa majalisa da safe ba tare da ya ɓata ba. A haka na san jihar nan kamar na taɓa taka ta. Duwatsu ne suka raba ta biyu daga arewa zuwa kudu, gabas fili shimfiɗe, yamma kwazazzabai. Ta ce duwatsunmu na Adar in an kai su can suri za a ce da su. Satin da ta sauka numfashi ya riƙa yanke mata in ta hau bene, saboda tudun wurin, ta kuma ɗora wake tun safe har azahar bai nuna ba. Iskarsu busasshiya ce kamar tamu, man kaɗen da na cusa mata a jaka shi ya ceci leɓɓanta. Abin da ya fi kama babanku shi ne ruwan sama bai wadace su ba, kamar mu. Ƙanƙara ce ke taruwa a kan duwatsu duk lokacin sanyi, in zafi ya zo ta narke, ta gangaro cikin magudanan da kakanninsu suka haƙa, a raba wa gonaki.

"To ai rumbu ne," in ji shi. "Allah Ya yi musu rumbun ruwa bisa dutsi. Wa ka fara ɗiba?"

Ta ce wanda kakansa ya riga haƙa magudana shi ke fara sha, in shekara ta yi fari na baya ya haƙura ko da gonarsa ta fi kusa da ruwan.

"Ashe su ma suna da gado," ya ce. "In akwai gado akwai rigima. Rubuta, Hajiya."

Ban taɓa zuwa Makka ba a lokacin, tsokana ce tasa.

Na rubuta cewa akwai mutanen da ke zaune a ƙasar tun farko suna farautar ɓauna, aka kore su da aka ga zinariya cikin duwatsu, da zinariyar ta ƙare aka bar garuruwa ba kowa sai iska. Na rubuta shanu da alkama da masara da dankali, har da albasa, wadda ya ce sai ya gani da idonsa zai yarda ta kai tamu yaji. Na rubuta cewa mota ce ke bi gida gida tana ɗaukar yara zuwa lakwal, wato makarantar boko, in ƙanƙara ta toshe hanya a ce kowa ya zauna gida, kuma makarantar su Ramatu na da gonarta da garken shanunta. Da ta ce mutane na zuwa daga nesa don kawai su hau dutse su zamo a kan ƙanƙara, ya yi dariya har tari ya kama shi. Ya sa wa jihar suna Adar ta Nasara, duk garinmu haka aka riƙa kiranta.

Ciwon ya fara ne da sanyi. Abinci ya daina zama masa, riga ta fara yi masa yawa. Yayanku babba ya kai shi likita sau biyu, a na uku na bi su. Likitan ya kira mu gefe, ni da yayanku, ya yi mana magana a hankali, ya ce mu koma gida mu ba shi duk abin da ransa ke so. Ba mu gaya masa ba, shi ma bai tambaya ba. Amma a cikin mota ya dubi gonakin da muke wucewa ya ce wa yayanku bana shi zai tsaya a kan ajiyar albasa, ya kula kada a tara ta da danshi. Da muka iso gida ya kira ni ɗaki.

"Wata nawa ya rage ma Uwata?"

Na ce uku. A ƙarshensu za ta tsaya gaban malamanta ta kare littafin da ta rubuta, shi ne jarrabawar ƙarshe.

"In ta ji, za ta taso."

Na ce za ta taso.

"In ta taso kuwa ba lalle su bar ta ta koma ba. Shekara biyu cikin sanyi, ta dawo hannu wofi saboda ni? Kada ta ji daga bakinki."

Na ce to. Kalma ɗaya ce, ban ɗauki lokaci ba kafin in faɗe ta, kuma a kanta komai ya hau.

Da farko muka daina kiran da ake ganin fuska, na ce mata rezo, layin wayar, ya lalace a garinmu. Daga baya kiran ma ya gagara, don da la'asar ciwon ke taso masa, muryarsa ta shige. Da safe kuwa, in ya sha kunu, yakan dawo kamar ba shi ba. Shi ya kawo dabarar. Ya ce tunda wayar na ɗaukar murya ta ajiye, in ɗauki maganarsa da safe, in tara, kowace Juma'a in aika ɗaya. A cikin kwana huɗu ya yi guda tara. Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne yadda ya tsara su. Babanku ya san shekara kamar tafin hannunsa, sai ya riƙa magana a kan makon da bai zo ba kamar yana cikinsa. A na fari ya ce an kashe wa albasa ruwa. A na uku ya ce an fara cira, ƴan ƙwadago sun cika garka. A na shida ya ce zafi ya kai inda kaji ke buɗe baki a inuwa. A na ƙarshe ya ce an fara sharar gona, ya hango hadari gabas. Kowanne kuma sai ya rufe da tambaya a kan Adar ta Nasara: ƙanƙara ta fara saki? wa ke yashe magudana, gayya ake yi ko kowa da gabansa? In ya gama sai ya ce in sa masa ya ji.

"Wanga tsoho lahiya lau yake," ya ce. "Ni ma na yarda da shi."

Na rubuta lamba a kan kowanne don kada in rikita. Kuma duk abin da ya faɗa haka ya zo, mako bayan mako, sai zafin da ya riga lissafinsa da ƴan kwanaki.

Abu ɗaya ne ba mu hango ba, mu biyun. Mai magana tun kafin a tambaye shi ba ya amsa tambaya. Ramatu takan maido da saƙo mai tsawo, ta amsa tasa, ta yi nata tambayoyin: nawa rijiyar gabas ta ja baya, wane iri aka bari na baɗi. Juma'a ta zagayo, ya yi wata magana daban. Nakan sa masa saƙonta a kunne ya ji, ya yi murmushi, amma ƙarfin amsawa ya ƙare. Bayan na biyar sai ta kira ni, ba ranar Juma'a ba.

"Inna, mi ya samu Baba?"

Na ce me ta gani.

"Sau uku ina tambayar shi rijiyar gabas. Baba bai taɓa barin maganar rijiya ta faɗi ƙasa ba. Inna, ki gaya mini don Allah."

Ina tsaye a bakin madafa, ina hango ƙafafunsa ta ƙofar ɗaki, sun zama kamar kara. Ta haɗa ni da Allah. Na ce mata mura ce da gajiyar cirar albasa, ta kwantar da hankalinta ta yi karatu. Wannan ba babanku ya faɗa ba, ba baffanku ba, ni na faɗa. In kuna neman inda laifina yake, ga shi nan, kada ku neme shi wani wuri.

Ya cika ranar Talata da hantsi, kansa a kan cinyar yayanku, aka kai shi bayan azahar. Saƙo shida sun tafi, saura uku, kuma Juma'a uku suka rage kafin jarrabawar. Kamar ya auna.

Da aka dawo daga maƙabarta Baffa Illa, ƙanen babanku, ya tara manya da yara a zaure. Ya ce kada wanda ya sa rasuwar nan a waya, kada wanda ya sa hoto, duk mai lambar Ramatu ya riƙe bakinsa. Ba sabon abu ya kawo ba. Haka muka taso muka gani: wanda ke nesa ba a jefa masa mutuwa, sai a ce jiki ya yi tsanani, ya zo, in ya iso cikin dangi a gaya masa yana da inda zai faɗi. Ni kaina haka aka yi mini da mahaifiyata ta rasu a Tajaye, kuma ban taɓa ganin laifin kowa ba. Sannan ya zo bakin ƙofar ɗakin da nake takaba ya tsuguna.

"Yaya, na ji akwai sauran maganar marigayi cikin waya."

Na ce akwai uku.

"To ki ci gaba kamar yadda kunka saba. Shi ya shirya abinshi. Mu cika mishi."

Ranar Juma'a gidan cike yake da masu gaisuwa. Da aka yi la'asar na juya wa mata baya kamar ina neman carbi, na nemo lamba bakwai, na danna. Kafin magariba amsa ta shigo. Na jira ɗakin ya rage, na kara a kunne. Ƙarar ruwa na fara ji, mai yawa, yana gudu.

"Baba, ka ji? Yau anka buɗe magudana. Ina tsaye bakinta. Ruwan ƙanƙara ne, in ka sa hannu sai ya ƙage. Ka tambayi wa ke yashewa: gayya suke yi, Baba, kamar mu, kowane gida ya kawo mutum da shebur. Akwai wani tsoho mai rabon ruwa, na ce mishi babana ma manomi ne, ya ce in gaishe ka. Inna ta ce mura ta kama ka. Kullum ina roƙa maka lahiya, kowace salla. In ka ji sauƙi ka kira ni da bakinka, ko minti guda."

Na saurara sau ɗaya, ban iya maimaitawa ba. Kwana shida maganar nan na zaune a ƙirjina. Mai takaba ba ta da aiki sai zama da tunani, ba kitso, ba kasuwa, ba garka. Ba kiran da ta roƙa ne ya fi damuna ba. Addu'ar ce. Duk wanda ya shigo gidan nan, har wanda bai taɓa shan ruwa da babanku ba, yana cewa Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Ɗiyar da ya fi so kuwa na can tana ɗaga hannu sau biyar tana roƙa wa mutumin da ke cikin kabari sauƙin mura, kuma ni na sa ta.

Ranar Alhamis da hantsi na aika aka kira Baffa Illa da yayanku. Na ce gobe ba zan aika na takwas ba, zan gaya mata.

"Yaya, kwana goma sha biyar ya rage," in ji Baffa. "Munka riƙe wata biyu da rabi, mu kasa mako biyu? Yarinya ita kaɗai cikin duwatsu, ba uwa ba gwaggo. In ta faɗi wa zai tashe ta? In ta kasa jarrabawar, wahalar da shi ya sha yana murmushi cikin waya ta tashi banza ke nan."

Gaskiya ya faɗa, ban da abin da zan ƙaryata a ciki. Baffanku ba mugu ba ne, kada in ji wani cikinku ya ce haka. Na ce masa babanku ya ce in aika in ya kasa magana. Bai ce in aika in ya mutu ba, bai kuma ce kada in aika ba. Bai faɗa ba, ni ma ban tambaya ba, don dukanmu mun ji tsoron tambayar. Yanzu ba ya nan, ni ce mai dannawa.

"Ina iya yin shiru, Illa. Na iya shiru, kai ma ka sani. Amma in sa shi ya yi magana yana ƙasa, na yi sau guda, ba ni ƙarawa. Kuma in na yi shiru gobe, ta sani. Gara ta ji daga gare ni."

Ya juya ga yayanku ya ce shi me ya gani. Yayanku ya ce wayar a hannun Inna take. Baffa ya tashi ya kakkaɓe rigarsa.

"In abin ya ɓaci, ki tuna na faɗa."

Na ce zan tuna.

Juma'a bayan la'asar na kira ta da kaina. Ta ɗauka da murna, tana tsammanin shi ne. Na gaishe ta, na tambayi sanyi, sannan na ce akwai wani kusa da ita? Ta ce abokiyar zamanta na nan, wata ƴar Senegal da suke salla tare. Na ce ta kira ta ta zauna kusa. Na ji an ja kujera.

"Inna, Baba ne?"

Na ce sai haƙuri, Ramatu, Allah Ya karɓi abinSa.

Ta yi salati, ta maimaita, muryarta ba ta tashi ba. Ta tambayi ciwon, na faɗa mata duka, tun daga sanyi. Sannan ta ce:

"Yaushe?"

"Talata."

"Shekaranjiya waccan?"

"A'a. Talatar makon jiya."

Na ji tana lissafi. Ɗiyata ce, na san yadda take shiru in tana lissafi.

"Saƙon Juma'a fa?"

Na ce tun kafin a cire albasa ya yi shi, shi da sauran.

"Inna, na tsaya bakin ruwa ina yi mishi hira."

Na ce na ji.

"Na haɗa ki da Allah, kinka ce mura."

Na ce na faɗa. Ban ce babanki ne ya sa ni ba, don a ranar ba shi ya sa ni ba. Na jira ta yi kuka ko ta yi faɗa, ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ce Allah Ya jiƙan Baba, Ya gafarta masa, ta faɗa sau uku a hankali, na ce amin sau uku. Sai wayar ta mutu.

Kun san abin da ya biyo baya. Malamanta sun ɗaga mata jarrabawar, ta yi ta a tsakiyar damina, ta ci. Baffa Illa bai yi gaskiya ba a nan, amma saura kaɗan ya yi, don ƴar Senegal ɗin ta gaya mini daga baya cewa kwana tara Ramatu ba ta fita ɗaki ba. Da ta dawo bayan kaka ta gaishe ni a tsaye, kamar baƙuwa, kuma sai da aka sake cire albasa sau biyu kafin ta zauna a tabarmata ta miƙe ƙafa. Har yau in na ce mata lafiya lau nake, sai ta kira yayanku ta tambaya. Ban ga laifinta ba.

Amma wannan duk daga baya ne. Washegarin ranar, da na idar da sallar asuba, na jira gari ya waye sosai don idona ya ga baƙaƙen. Na ɗauko wayar na nemo na takwas da na tara. Ban saurare su ba. Rubutu a waya yana yi mini wuya, yatsana na danna biyu a wurin ɗaya, na goge ya fi sau goma. Na rubuta mata: Saura biyu. Naki ne, ba nawa ba. Ya yi su da safe yana zaune, ya sha kunu, yana cikin hankalinsa, ya san ba zai kai ba. Ki ji ranar da kike so. Na karanta abin da na rubuta daga farko har ƙarshe, na ga ba ƙarya ko ɗaya a ciki, na aika shi tare da saƙon biyu. Sannan na miƙa wa yayanku wayar na ce ya riƙe, na ɗauki tsintsiya na share tsakar gida, don dangina na Tajaye sun aiko cewa da hantsi za su iso.